Yashin Jinjiri

Daga Zuwairatu ta Wagini zuwa ga Ya'u baduku, a Runka

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, ɗan kawuna. Ina gaida matarka Uwani, ina tambayar ciwon bayan nan nata, ko ya sake ta. Ina gaida yara. Jakinka fa, ƙafar ta warke? Mu nan lafiya, sai gajiyar kaka. Gero ya yi, wake kuwa tsutsa ta raba mu da shi. Idona na hagu yana ruwa, shi ya sa za ka ga rubutun yana karkata.

Bayan haka, Larai mai daddawa ta dawo daga cin kasuwarku, ko kaya ba ta sauke ba ta shigo mani da labarin da ya hana ni cin tuwo. Ta ce da idonta ta ga ɗan nan da na ba ka amana a cikin yashin ƙorama, ba riga, daga shi sai warki, yana kokawa. Ta ce wai kafaɗunsa sun buɗe har sai ya karkata yake shiga ƙofar zaure. Tana faɗa tana murna, sai ka ce sa na aika maka kiwo.

Ya'u, ɗan fari ne. Ba na kama sunansa, ba na zaunar da shi in yi mashi doguwar magana. Haka aka tashe mu, haka zan mutu. Shi ya sa kai nake rubuta wa, kai kuma ka san abin da ya kai shi hannunka. A Yasore wani yaro ya yi mashi dariya don ya ɓata aya, ya fasa mashi allo a ka. A Batsari malam ya gyara mashi karatu gaban ƙanana, ya tashi ya kaɗe riga, bai sake komawa ba. Ga shi gemu ya fara tsiro, sa'o'insa sun yi sauka tuni, shi yana zaune cikin yara. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Zuciya ce ta yi mashi yawa, ba ya jure a gyara shi.

Kada ka manta da Manu, ƙanen ubansa. Shi ke da iko da shi, ba ni ba. Da kyar da roƙo ya bar mani shi zuwa kaka mai zuwa. Ya ce in an yanke gero bai yi sauka ba, zai ɗora mashi kaya ya bi ayarin goro zuwa Gwanja. Hanyar nan ita ta ci ubansa. Abin da ya dawo mani daga gare shi butar alwala ce, ko kabarinsa ban san inda yake ba. Ba zan karɓi buta ta biyu ba.

Na zaɓi makarantar Malam Hamidu don ƙarama ce, ba hayaniya, ba 'ya'yan manya. Ban zaɓe ta don a koya wa mai zafin zuciya yadda ake ɗaga mutum a buga da ƙasa ba. An ce wani tsoho ne ke tara su, wai shi Jinjiri. Tsoho da sunan jarirai, me za a samu wurinsa? Ka hana. Ka rubuto mani ka ce ka hana.

Allah ya tsare mu da abin kunya. Wassalam.


Daga Ya'u zuwa ga Zuwairatu

Amincin Allah ya tabbata gare ki, Yaya Zuwai, malamar matan Wagini. Bayan Uwani da sauƙi, jaki ya warke har ya harbe ni, yana gaishe ki. Idon nan ki rage kaɗi da almuru.

Larai ba ta yi ƙarya ba. Warkin ma ni na ɗinka, fatar akuya ce mai kyau, ba ta ce maki ya yi mashi kyau ba? To, zagar ni ki gama, taubashinki ne ni, na saba. In kin gama ki saurara.

Baba Jinjiri ba malami ba ne. Karatunsa bai wuce abin salla ba, shi ma ya sani. Shi ke noma gonar Malam Hamidu, shi ke cika randar alwala, a zauren makaranta yake kwana. A ƙuruciyarsa an ce ya yi kokawa har ƙasar Zamfara, amma in ka tambaye shi sai ya ce ya manta. Bayan la'asar yakan kai ɗalibai yashi, da iznin Malam. Babu ganga, babu laya, babu 'yan mata. Wanda bai wanke allonsa ba ranar, ba ya shiga, sai ya zauna gefe yana riƙe wa mutane riguna. Ɗanki Sammani ya riƙe riguna sau ɗaya, bai sake ba.

Abin da Larai ba ta tsaya ta gani ba shi ne, tun da ya zo bai taɓa kayar da kowa ba. Dokar tsohon ce: sabon shiga ba ya kayarwa, shi ake kayarwa. Kowa sai ya zo ya kayar da shi, har yaran da ba su kai ƙugunsa ba. In ya faɗi sai ya tashi, ya kaɗe yashi, ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu, ya ce, "Sannu da ƙoƙari."

Ranar farko ina wurin. Wani ɗan ƙanƙane ya taɗe shi, yara suka kwashe da dariya, sai ga Sammani ya miƙe da dunƙulallen hannu. Na ce shi ke nan, Yasore ta dawo. Tsohon ya shiga tsakani yana ɗingishi, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Faɗuwar ta yi kyau, ɗana. Tashin ne ban gani ba. Koma ka kwanta."

Ya ce, "Baba, dariya suke mani."

Ya ce, "Ai da ni ne ma sai in yi. Kamar buhun gero ka faɗo. Koma."

Ya koma. Har rana ta yi ja ana kayar da shi yana tashi.

Yaya, ya wuce rabin karatu. Kwanan baya na je zauren kai wa Malam gafaka, na tarar yana gyara wa Sammani wata aya gaban yara. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga ta kwanta, ya maimaita yadda aka ce. Ban san abin da za ki kira wannan ba. Ni dai ban hana ba, kuma ban ga hannun da zan hana da shi ba.

Abu ɗaya kuma. Ya ga takardarki a hannuna, ya ce, "Inna lafiya?" Na ce lafiya, magana duk a kanka take. Ya ce, "Ta tambayi lafiyata?" Na ce kai ma ka san al'ada. Ya ce, "Na sani. Amma ta tambayi jaki." Ya yi dariya, ni ma na yi, sai dai tasa ba ta kai ciki ba.

Na gaji, fata tana jirana a jiƙe. Wassalam.


Daga Zuwairatu zuwa ga Ya'u

Da sunan Allah. Ina gaishe ka, ina gaida Uwani da yara. Zafin bazara ya tsananta nan, rijiyarmu ta koma laka, sai ƙorama ake tona. Yaya naku ruwan?

Na karanta takardarka, na ga har yanzu wasa ya fi ƙarfinka. Kai da aka ba amana, kai ne mai ɗinka warki. Allah ya shirye ka.

Ka ce ba ganga, ba laya. Cinya fa? Baligi ya tsaya cinya a waje gaban jama'a, ka ce mani da iznin malam? Ni 'yar malam ce, abin da na karanta bai kai na manya ba, amma ya isa in san iyakar tsiraici. Kuma wanda zai zauna kan buzu wata rana mutane su kawo mashi matsalarsu, ba a son a ce an taɓa ganin bayansa a ƙasa. Mutunci ba ya dawowa in ya zube.

Ka ce yau shi ake kayarwa. Gobe fa, in tsohon ya ce ya isa ya kayar? Sai ya ɗanɗana daɗin ganin mutum a ƙarƙashinsa. Na zauna da ubansa, na san jinin. In karatunsa ya yi gaba, Allah ne ya yi, sai ƙoƙarin Malam Hamidu. Kada a ba yashi ladan allo.

Maganar jaki kuwa, ka ce mashi mutumin da gemu ya fito wa ba ya ƙirga gaisuwa.

Ka je ka faɗa wa tsohon nan cewa uwar yaro ta hana. Shi kuma wancan, in ya zaɓi warki a kan maganata, to na cire hannuna, Manu ya zo ya ɗauki abinsa tun kafin kaka. Ka faɗa mashi da kakkausar murya, ko ya ji tsoro.

Mai kawo takarda zai ba ka ƙullin kuka da daddawa na Uwani. Akwai kuma riga, zaren ni na kaɗa. Ka ba duk wanda ta yi wa daidai a gidanka.

Wassalam.


Daga Zuwairatu zuwa ga Ya'u

Da sunan Allah. Ya'u, lafiya? An yi shuka, an yi noman fari, an yi maimai, ban ga takardarka ba. An ce mahayan Maraɗi sun ɓulla ta gefen daji, fatake sun daina bi ta wurinku, ƙorama kuma ta cika. Na ba wa wani Bafillace wannan, ya ce zai ratsa da shanunsa ta bayan Runka. Ban sani ba ko za ta isa.

Manu ya zo, ya zauna a zaure ya sha fura, ya aiko a tambaye ni ko ɗan kokawa ya kusa sauka. Har nan maganar ta zo, ka gani. Ya ce ya riga ya yi mashi wuri a ayari.

Ina gaida Uwani da yara. In wani abu ya faru a gidanka, ko mene ne, ka faɗa mani kai tsaye. Ba yarinya ba ce ni. Gero ya fara ciki.

Wassalam.


Daga Ya'u zuwa ga Zuwairatu

Aminci gare ki, Yaya. Muna raye, dukanmu. Na sa wannan a farko don ki iya karanta saura. Maharan ba su iso mu ba, sun dai hana mu nisa da ganuwa, kuma ban sami mai zuwa Wagini ba. Ko da na samu, a lokacin ban san abin da zan rubuta ba.

Na kai saƙonki ga Baba Jinjiri. Na zaci zai yi gardama. Sai ya ce, "Uwa ta hana? To an gama." Da la'asar Sammani ya zo bakin yashi, tsohon ya tare shi ya ce, "Ba ka shiga. Riƙe riguna ma ban yarda ba. Maganar uwa ba a kewaye ta." Tsiraicin da kika ambata kuwa, tun ranar ya sa kowa ya riƙa ɗaura zane har gwiwa a kan warki. Ya ce kin fi shi gaskiya a nan.

Ban faɗa wa Sammani ɗaya maganar ba, ta cire hannu. Amma kin manta yanzu yana karatu. Takardar tana cikin kwandon fatu, ya ɗauka ya karanta da kansa. Ke barazana kika yi, na sani. Shi bai ga barazana ba. Ya ga dai an rubuta an cire hannu.

Ya bi umarninki, bai sake taka yashi ba. Ya daina dariya, ya daina cin kirki. Ana nan wata safiya ya ɓata aya, yara suka yi dariya. Malam ya ce ya ga ya ɗaga allo sama, ya tsaya da shi a sama, sannan ya jingine shi a bango a hankali, ya fita. Ya zo gida ya ɗaure 'yan kayansa ina kasuwa. Ya ce wa Uwani tunda an riga an sallama shi, zai je ya sami Baba Manu da ƙafarsa, ba sai an zo an ja shi kamar akuya ba. Rigarki ce a jikinsa.

Abin da ya biyo baya daga bakinsu biyu na haɗa shi. Tsohon ya gan shi ya fita ƙofar gari, ya ajiye fartanya ya bi shi. Bai kira shi ba, bai roƙe shi ba, yana dai biye da gwiwar nan tasa. Sammani ya waiga ya ce, "Baba, koma." Ya ce, "Hanyar ta ubanka ce? Tafiyata nake." Haka suka yi ta yi har suka shiga gefen dajin Rugu, rana ta take. Can gwiwar ta ƙi, tsohon ya zauna gindin wata marke ya ce, "To, sauka lafiya. Ka gaida Gwanja."

Ya ce, "Nan zan bar ka? Kuraye fa?"

Ya ce, "Me za su ci a jikina? Sai dai su yi ta tauna suna zagina."

Sammani ya yi gaba, ya yi nisa, ya dawo yana huci, ya durƙusa ya ce, "Hau."

A hanya, yana goye da shi, tsohon ya riƙa shafa kafaɗar rigar. Ya ce, "Wa ya auna ka?" Ya ce ba wanda ya auna shi, aiko ta aka yi, an ce a ba wanda ta yi wa daidai. Ya ce, "A gidan Ya'u wa ke da wannan kafaɗa? Ya'u da yake kamar sillen kara? Rabonta da ganinka tun kana siriri. Ita ta zaunar da mai daddawa ta tambaye ta faɗinka, ko ka ɗauka saƙa da ɗinki mafarki suke yi? Ka taɓa ganin an cire hannu daga mutum ana kaɗa mashi zare?" Sammani ya ci gaba da tafiya. Tsohon ya ce wuyansa dai ya ji ya jiƙe, kuma ba ruwan sama ake ba. Wuyan wa, bai faɗa ba.

Sun shigo gari kafin magariba. Washegari ya ɗauki allonsa daga inda ya jingine shi.

Yaya, tun ranar Baba Jinjiri bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba. Gwiwar ta kumbura, ga tari. Sammani ke ɗebo ruwan randa, shi ke noma gonar Malam, shi ke goya tsohon zuwa bakin yashi kullum la'asar ya zaunar da shi kan tabarma, sannan ya juya baya ya koma, don kin hana. Ya shiga dogayen surori, amma yana tafiya kamar mai jan dutse. Na ce wa tsohon ya bar shi ya shiga, wa zai kai maki labari? Ya ce, "Larai." Sannan ya ce ko ba Larai, shi ba ya sata.

Ban iya roƙo ba, kin sani. Kalma ɗaya ce a hannunki. Ki yi abin da kika ga dama da ita.

Wassalam.


Daga Zuwairatu zuwa ga Ya'u

Da sunan Allah. Na gode wa Allah da kuke lafiya. Ina gaida Uwani, ina mata sannu da haƙuri da mutanen gidanta.

Takardar da ba a rubuta wa mutum ba, ba ya buɗe ta. Wannan rashin ladabi ne, ka faɗa mashi. Kai kuma mai ajiye takarda cikin kwandon fatu, ban san ranar da za ka yi hankali ba. Barin tsoho ya bi shi cikin daji, da ya mutu can fa, da wane ido zai dubi mutane? Larai kuwa bakinta ya yi yawa, ko ba a tambaye ta ba faɗa take.

Ban sauya ra'ayi a kan kokawa ba. Ba sana'ar masu karatu ba ce. Amma mutumin da aka ce mashi uwa ta hana ya ce an gama, alhali ba ya ganina, ba na ganinsa, ban san malamai da yawa da za su yi haka ba. Tunda ya sa an rufe cinya, ka ce mashi abin da ke faruwa a yashin Runka tsakanin la'asar da magariba na bar mashi, shi zai amsa gaban Allah. Sharaɗina allo ya riga yashi, kamar yadda ya saba.

Ga man kaɗanya a ɗan ƙoƙo, na haɗa da citta da kanwa. A ɗumama a shafa a gwiwar safe da yamma, a ɗaure da tsumma. Wanda ya jawo ciwon shi zai shafa. Ga zuma kaɗan don tarin.

Gero ya fara ja. Manu ya sayi jakai. Na gaji, Ya'u. Barci ba ya zuwa, kaɗi ba ya tafiya.

Wassalam.


Daga Ya'u zuwa ga Zuwairatu

Aminci gare ki, Yaya Zuwai. Muna lafiya. Labari biyu ne, zan fara da mai nauyi.

Baba Jinjiri ya rasu, ana tsakiyar yankan gero. Man ya rage mashi zafi, tarin ne ya tafi da shi. Saƙonki ya same shi da ransa. Da na karanta mashi ya ce, "Malamar nan da namiji ce da ba mai kayar da ita." Ranar ya ce wa Sammani ya shiga, kuma ya ce ya isa ya kayar. Sammani ya kayar da babban ɗalibin Malam, sannan ya tsaya ya ɗaga shi, ya kaɗe mashi yashi a baya. Tsohon ya ce, "To. Kai ni gida."

Na zaci mu da ɗalibai ne za mu kai shi. Ban san yadda labari ya ratsa ba, sai ga mutane. Limamin wani ƙauye ta wajen Safana, maƙeri, wasu Fulani daga ruga, wani mai unguwa da furfura. Ba su san juna ba. Kowa ka tambaya sai ya ce ya zauna wurin Malam Hamidu ko wurin mahaifin Malam, kuma da ba don yashi ba da ya gudu. Maƙerin ya ce shi har Zamfara tsohon ya bi shi. Limamin ya ce in an yi mashi gyara a masallaci har yau muryar tsohon yake ji tana ce mashi ya koma ya kwanta. Aka yi dariya a bakin kabari, Allah ya yafe mana. Wurin salla aka nemi sunansa na yanka, sai Malam kaɗai ya sani. Abdullahi ne. Abin da ya bari tabarma ce da fartanya.

Na biyu. An yi sauka ranar Laraba. Manu ya zo, kin sani, don ta nan ayarin zai bi. Ya zauna gaba da rawaninsa, jakansa na ɗaure a ƙofar gari, har da wanda ya ware wa Sammani. Sammani ya fito da rigarki, ya riƙe allon zayyana, ya fara. Murya lafiya. Can tsakiya ya tsallake kalma. Kafin Malam ya buɗe baki Manu ya ɗaga murya har bayan zaure ana ji: "A'a! Ba haka ba ne, ɗan kokawa! Ko ni falke na san wannan." Ya faɗi daidai, don gaskiya ya san ta, ya kuma bushe da dariya yana duban jama'a. Wasu suka taya shi.

Yaya, na rufe ido. Allon yana hannunsa, kan Manu yana kusa.

Sai na ji ya ce, "Na gode, Baba. Sannu da ƙoƙari." Ya koma farkon ayar, ya karanta ta daidai, ya wuce har ƙarshe. Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna danne dariya, don su sun san inda maganar ta fito. Manu bai sani ba. Aka shafa fatiha, aka ci tuwo.

Da Manu zai tafi ya ce alkawari alkawari ne, ya bar shi, ko da yake asarar ƙarfi ce a zaunar da irin wannan kafaɗa kan buzu. Ayari ya tashi. Jakin nan gishiri aka ɗora mashi.

Malam Hamidu yana so Sammani ya zauna ya fara littattafai, ya kuma riƙa kai yara yashi, don tun rasuwar ba mai kai su, sun fara faɗa a zaure. Sammani ya ce sai abin da kika ce. Na ce in kira shi ya rubuta da kansa, ya ce a'a, ba a haka.

Wassalam.


Daga Zuwairatu zuwa ga Ya'u

Da sunan Allah, godiya ta tabbata gare shi. Allah ya jiƙan Abdullahi, ya sa yashin nan ya yi nauyi a mizaninsa. Ran Juma'a na toya waina na raba da sunansa, na sa matan da nake koya wa karatu suka yi mashi addu'a. Sun tambaye ni wane malami ne. Na ce na Runka ne, ba ku san shi ba.

Kada sauka ta sa wani girman kai. Wanda ya tsallake kalma gaban jama'a bai gama ba, farawa ya yi. Ya zauna wurin Malam Hamidu. Yaran kuma ya kai su, tunda an bar mashi su. Zane har gwiwa, allo kafin yashi, kuma in wani ya gudu ya bi shi.

Butar nan ta ubansa na ba mai kawo takarda. Ta daɗe a rataye, ba ta da amfani a ɗakina. A yi alwala da ita.

Idona ya matsa, nan gaba sai dai in sa a rubuta mani. Ina gaida Uwani, ina gaida yara, ina gaida Malam. Jakinka na san lafiyarsa lau, mugu ba ya ciwo.

Saura mutum ɗaya a gidanka. Ka dube shi da kyau, ka rubuto mani. Yana cin abinci? Yana barci? Yaya lafiyarsa?

Wannan takardar ka sa ta cikin kwandon fatu.

Wassalam.